Likitan da Bai Yi Barci Ba: Hutunsa Gata Ne Ko Haƙƙin Maras Lafiya?

A ƙarshen watan Satumba na 2025, ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta ƙasa, NARD, ta tashi daga babban taronta na shekara a Katsina da wani hukunci da ya jawo ce-ce-ku-ce. Ta ce daga 1 ga Oktoba kada ɗanta ko ɗaya ya ƙara yin aikin kwana da ya wuce awa 24 a jere ba tare da an karɓe shi ya je ya huta ba. Hukuncin ya biyo bayan rasuwar wani matashin likita a Fatakwal a farkon watan, wanda aka ruwaito cewa ya yi kwana uku yana aiki, ya shiga ɗakin hutun likitoci ya faɗi, bai sake tashi ba. A Legas ko Abuja ana iya ɗaukar maganar a matsayin rigimar ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki. A Miga kuwa, da Jahun da Kiyawa da sauran garuruwan masarautar Dutse a jihar Jigawa, duk wanda ya ji ta abin da zai fara tambaya shi ne: idan likitan ya tafi barci, wa zai karɓi matar da aka kawo da tsakar dare tana zubar da jini? Tambaya ce mai nauyi, kuma wanda ya yi saurin amsa ta bai san yankin ba. Duk da haka ra'ayina shi ne hutun likita yana daga cikin haƙƙoƙin maras lafiya, kuma jihar da ta fi fama da ƙarancin likitoci ita ta fi kowa buƙatar kiyaye shi. Sai dai kafin in kare wannan ra'ayi, adalci ne a bar masu ja da shi su baje hujjarsu gaba ɗaya.

Hujjarsu ta farko lissafi ce, kuma lissafin ba ya ƙarya. A watan Maris na 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci masu lasisin aiki a Nijeriya kimanin 55,000 ne, ga al'ummar da ta haura miliyan 200, ya kuma ce tsakanin 15,000 zuwa 16,000 sun bar ƙasar cikin shekara biyar. Waɗanda suka rage ma sun taru ne a manyan birane. Ƙidayar 2006 ta ba Jigawa mutum sama da miliyan 4.3, ta ba ƙaramar hukumar Miga kimanin 128,000, kuma kowa ya san yadda aka ƙaru tun daga lokacin. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya ƙiyasta cewa a karkarar Jigawa mace 1,012 ke mutuwa sanadin ciki da haihuwa cikin kowace haihuwa 100,000, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na irin wannan mutuwa a duniya baki ɗaya a Nijeriya ake yin ta. Miga ƙasar fadama ce a kwarin kogin Hadejia, inda shinkafa ke yi, inda kuma ambaliya ke yanke hanya, kamar yadda aka gani a daminar 2022. Macen da naƙuda ta tsaya wa a wani ƙauye can cikin fadama, kafin a samo mota, a haɗa kuɗin mai, a kai ta babban asibitin Jahun, ta riga ta ci rabin lokacin da ya rage mata. Idan ta isa aka ce likita ya cika awa 24 ya tafi gida, wannan doka ta kare lafiyar wa? Masu wannan ra'ayi sukan rufe da karin maganar da kowa ya sani, da babu gara ba daɗi, wato likita mai gyangyaɗi ya fi kujerar da babu kowa a kanta.

Hujjarsu ta biyu ta shafi amana. Da kuɗin talakawa aka karantar da yawancin likitocin nan. Gwamnatin Jigawa ta tura ɗalibai karatun likitanci har ƙasashen Sin da Sudan, iyaye sun sayar da dabbobi da amfanin gona, kuma wanda ya ɗauki rantsuwar likita ya san abin da ya shiga tun farko. Manomin da ke kwana a bakin injin ban-ruwa ba shi da ƙungiyar da za ta ƙayyade masa awanni, haka ma sojan da ke daji. A addinance ma ceton rai farilla ce a kan al'umma, kuma idan babu mai iya sauke ta sai mutum ɗaya, ta koma kansa. Ban ga abin rainawa a wannan magana ba. Akwai likitoci da ma'aikatan jinya da yawa a Jigawa da ke aiki da wannan fahimta ba tare da wani ya tilasta musu ba, kuma su ne suka riƙe asibitocin har yau.

Inda hujjar ta fara rauni shi ne zaton da take yi cewa likitan da ya gaji shi ne dai likitan jiya, sai dai ya ɗan rage sauri. Bincike ya nuna ba haka abin yake ba. A 1997 wasu masana biyu a Ostireliya, Drew Dawson da Kathryn Reid, sun gwada mutane suka gano cewa wanda ya yi awa 24 ido biyu, saitin hannunsa da saurin hankalinsa kan koma daidai da na wanda ya sha giyar da ta wuce haddin da doka ta yarda a yi tuƙi da shi a yawancin ƙasashe. A 2004 aka yi gwajin a kan likitoci su kansu, a sashen masu ciwo mai tsanani na wani babban asibiti a Boston ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin Dokta Christopher Landrigan. Sababbin likitocin da ke aikin awa 24 ko fiye sun tafka manyan kurakurai da suka ɗara na masu aikin awa 16 da kusan kashi 36 cikin ɗari, kuma kuskurensu wajen gane ainihin ciwon ya ninka fiye da sau biyar. Shekara guda bayan haka wani binciken ya nuna cewa haɗarin mota a hanyar komawa gida bayan irin wannan dogon aiki ya ninka fiye da sau biyu. Amurkawa ma ba da son ransu suka fara duba lamarin ba. Mutuwar wata budurwa 'yar shekara 18, Libby Zion, a wani asibitin New York a 1984, a hannun ƙananan likitocin da aiki ya yi wa yawa, ita ta sa jihar ta ƙayyade awa 80 a mako a 1989, kafin ƙa'idar ta game ƙasar a 2003. Mu ma ba baƙin wannan hikima ba ne. Malaman fiƙihu sun hana alƙali yanke hukunci yana cikin fushi, suka haɗa da matsananciyar yunwa da gyangyaɗi, domin sun san ilimin yana nan a kansa amma ma'aunin ya karkace. Wanda ke hukunci kan gona ko gado aka yi wa wannan iyaka, balle wanda ke riƙe da wuƙar tiyata ko yake lissafa adadin maganin da za a ɗura wa jariri.

Wani zai ce wannan bincike na ƙasashen da suka ƙoshi ne. A ganina abin ya fi muni a wurinmu. A asibitin Boston, idan likita ya rubuta magani ba daidai ba, akwai mai haɗa magani da zai tare shi, akwai kwamfutar da za ta yi gargaɗi, akwai na'urar da za ta yi ƙara idan numfashin maras lafiya ya canza, akwai babban likita a kusa. A ƙaramin asibitin karkara, sau da yawa likitan shi ne shingen farko kuma shi ne na ƙarshe, wani lokaci da fitilar waya yake duba ciwo. Kuskurensa yana tafiya kai tsaye zuwa jikin mutum. Kuma ba a cika sani ba, domin ba a binciken gawa, ana yin jana'iza da wuri kamar yadda addini ya koyar, iyalai su ce kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne babu mai mutuwa sai kwanansa ya ƙare, amma imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke wa kowa alhakin sakaci ba, kuma sakacin da nake nufi a nan na masu tsara aikin ne da suka bar mutum ɗaya a tsaye kwana biyu. Mutuwar da ta faru saboda babu likita kowa na ganinta, ana ba da labarinta a rediyo. Wadda ta faru saboda likitan ya gaji ba ta da mai ƙirga ta, shi ya sa a muhawara kullum take zama kamar babu ita.

Akwai kuma ɓangaren da lissafin gado da allura ba ya kamawa, wato halin da zuciyar maras lafiya ke ciki. Abin da gajiya ke fara cinyewa a aikin likita shi ne magana. Zai rubuta magani, zai yi ɗinki, amma minti biyar ɗin da zai zauna ya ce "Baba, ga abin da ke damunka, ga dalilin da ba za ka daina shan wannan ba ko ka ji sauƙi" su ne ke fara salwanta. Kuma a cututtuka da dama wannan bayani rabin magani ne. Mai tarin fuka sai ya yi wata shida yana shan magani, mai hawan jini da mai ciwon suga har iya rayuwa, kuma wanda bai fahimci dalili ba zai ajiye da zarar jiki ya yi daɗi, ya dawo bayan watanni da shanyewar ɓarin jiki. Dubi matan da ke fama da yoyon fitsari. Ƙungiyar likitoci na gari na kowa, MSF, tana aiki a babban asibitin Jahun tun 2008 kan haihuwa da wannan lalura, kuma ta haɗa tiyatar da zaman nasiha da kwantar da hankali, saboda macen da ta kwana biyu ko uku tana naƙuda, ta rasa jaririn, ta koma gida ana ƙyamar zama kusa da ita, wataƙila ma aure ya mutu, ɗinki kaɗai ba zai mayar da ita cikin mutane ba. Irin wannan kulawa ba ta samuwa daga hannun wanda shi ma yake neman inda zai jingina kansa. Kuma babu wani wurin da za a tura nauyin. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya duka ba su kai 300 ba. Asibitin masu taɓin hankali na jiha yana Kazaure, can arewa maso yamma, nesa da Miga. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu, aka sanar a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 ta zamanin Turawa, ta kuma tanadi mutunta maras lafiya da neman yardarsa, amma doka ba ta zama a bakin gado ta saurari mai jegon da ta daina cin abinci ta daina magana. Wanda zai fara lura da ita shi ne ma'aikacin da ke ɗakin, idan yana da sauran idon lura.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa akwai wata irin ƙonewar zuciya da aiki ke haddasawa, ta kuma ba ta alamu uku: ƙarewar ƙarfi, nisantar zuciya daga aikin har mutum ya daina jin tausayi, da raguwar ingancin abin da yake yi. Alama ta biyun nan ita ce marasa lafiya suka fi sani, ko da yake da wani suna suke kiranta. Ita ce tsawar da ake daka wa mai naƙuda, ita ce "ku fita waje" da ake jefa wa masu jinya, ita ce kallon da ke sa dattijo ya ji kamar bara ya zo. Ba na wanke kowa a nan, domin akwai masu wulaƙanta talaka ko sun yi barcin awa goma, kuma waɗannan hukunci ya kamace su. Amma idan ɗabi'a ta zama ruwan dare a asibitoci daban-daban, a hannun mutanen da suka shigo aikin da tausayi, to sai a duba abin da aikin ke yi musu. Illar kuwa tana komawa ƙauye. Macen da aka yi wa tsawa a haihuwar fari za ta gaya wa ƙannenta da maƙwabtanta, ita kuma ta biyu a ɗaki za ta yi ta. Duk ƙoƙarin da aka yi tun zamanin Gwamna Sule Lamido da shirin Haihuwa Lafiya na jawo mata zuwa asibiti, baƙar magana ɗaya a ɗakin haihuwa tana iya warware shi a unguwa guda.

Su kansu ma'aikatan suna ɗauke da abubuwan da ba su cika faɗa ba. A daren 15 ga Oktoba, 2024, tankar mai ta fashe a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura, mutum sama da 150 suka rasu, aka rarraba waɗanda suka ƙone zuwa asibitocin Ringim da Hadejia da wasu garuruwan. Irin wannan dare ba ya fita daga ran wanda ya yi aiki a cikinsa. A Janairun 2020 zazzaɓin Lassa ya kashe likitoci biyu na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano bayan sun kula da wata mai ciki. A Disambar 2023 aka sace wata likita daga gidajen ma'aikatan Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ta yi kusan wata goma a hannun 'yan bindiga. Ga barazanar dangi masu zafin rai idan an rasa rai, ga kunyar da ke hana likita zuwa wurin ɗan'uwansa likita ya ce ba ya iya barci, don kada a ce ya samu taɓuwa. Wanda ya tara wannan duka, mafita ɗaya yake gani, wato ƙofa. Tafiyar kuma hawa-hawa ce: daga asibitin karkara zuwa Dutse, daga aikin jiha zuwa na tarayya kamar Cibiyar Lafiya ta Birnin Kudu ko asibitin koyarwa na Rasheed Shekoni, daga nan Kano, sai Saudiyya ko Ingila. A nan ne lissafin masu cewa da babu gara ba daɗi yake juyowa kansu. Idan likitoci huɗu ne a asibiti aka matse su har ɗaya ya tafi, aikinsa kan ukun zai hau, su ma sai su fara neman takardu. Matsar da aka yi don kada a rasa likita dare ɗaya ita ke jawo a rasa shi har abada. A 2023 wani ɗan majalisar wakilai daga Legas, Ganiyu Johnson, ya kawo ƙudirin da zai hana sabon likita cikakken lasisi sai ya yi shekara biyar yana aiki a gida. Ƙudirin ya tsallake karatu na biyu amma bai zama doka ba. Ko da ya zama, zai tsare jikin likitan ne a asibiti, ba zai mayar masa da tausayin da ya ƙone ba.

Sai dai akwai wata hujja da ta fi duk waɗanda suka gabata ƙarfi, kuma daga cikin binciken likitocin ta fito. A 2016 aka wallafa sakamakon wani babban gwaji a Amurka da ya shafi wuraren horar da likitocin tiyata 117, inda aka sassauta wa wasu ƙa'idar tsawon aikin kwana, aka bar wasu a kanta, ba a kuma ga bambanci a yawan mutuwa ko manyan matsalolin bayan tiyata ba. A 2020 shi dai Landrigan ɗin da abokan aikinsa suka sake gwaji a sassan yara masu ciwo mai tsanani a asibitoci shida, sai ga shi masu gajeren aiki sun fi yin kuskure. Dalilin da suka gano shi ne, da aka rage awannin ba tare da ƙara hannu ba, sai yawan marasa lafiyar da ke kan kowane likita ya ƙaru. Ga kuma matsalar miƙa aiki, domin duk lokacin da likita ya miƙa maras lafiya ga wani, akwai bayanin da kan faɗi a tsakani. Wannan gargaɗi ne da ya kamata NARD da masu goyon bayanta su ɗauka da gaske. Amma a lura da iyakarsa. Gwajin 2016 an yi shi ne cikin haddin awa 80 a mako da hutun kwana ɗaya cikin bakwai, a asibitocin da ke cike da ma'aikata. Babu wanda ya gwada barin mutum ɗaya kwana uku a tsaye ya ce lafiya lau. Abin da gwaje-gwajen suka tabbatar shi ne rage awanni kawai, a bar kayan yadda suke, yaudarar kai ce. Jakin da aka rage wa tsawon tafiya aka ninka masa mangala bai huta ba.

Saboda haka muhawarar ta koma kan yadda za a sauke wa likita kaya, kuma a nan Jigawa ba ta rasa abin kamawa ba. Tun 2014 Nijeriya take da manufar raba aikin lafiya, wadda ta ba ungozoma da ma'aikatan jinya da jami'an lafiya na matakin farko damar yin wasu ayyukan bayan horo, kamar ba da allurar farko ga mai jijjiga, da maganin tsayar da jini bayan haihuwa, da farfaɗo da jaririn da bai yi kuka ba. MSF ma ba a Jahun ta tsaya ba, ta tallafa wa ƙananan cibiyoyin haihuwa na kewaye har da ta Miga, domin haihuwar da ba ta da tangarɗa ta ƙare kusa da gida, mai tangarɗa kuma ta iso babban asibiti da wuri kuma an riga an fara taimakonta. Mozambik ta wuce nan. Tun 1984 take horar da jami'an da ba likitoci ba su yi tiyatar ciro jariri, bincike ya nuna sakamakonsu bai gaza na likitoci ba, kuma su ne suka zauna a karkara bayan likitocin sun koma birni. A fannin damuwa da taɓuwar hankali, tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shi a 2008 an gina shi ne kan koya wa ma'aikacin ƙaramin asibiti gane ciwon damuwa da farfaɗiya da fara kula da su. A Zimbabuwe, Dokta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, gwajin da aka wallafa a 2016 kuma ya nuna an samu sauƙi ƙwarai. Tun kafin su, a 1954, Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya zaunar da masu taɓin hankali tare da danginsu a ƙauyukan Aro kusa da Abekuta. Mu kuwa kowane gadon asibiti yana da mai jinya a gefensa, uwa ko ƙanwa ko ɗa, mai kwana a tabarma. Ana kallonsu a matsayin cunkoso, alhali da za a ba su bayanin minti goma kan alamun haɗari da lokacin shan magani, sun zama ƙarin idanu a ɗakin da ma'aikaciyar jinya ɗaya ke kula da gadaje masu yawa.

Za a ce wannan magani ne mai daraja ta biyu da ake ware wa talaka, mai kuɗi kuwa ya ga ƙwararre a Abuja. Zargin yana da gaskiya idan aka sakar wa jami'i aikin da ba a koya masa ba, babu mai duba shi, babu motar da za ta ɗauki wanda ya fi ƙarfinsa. Amma zaɓin da ke gaban mutumin Miga a yau ba tsakanin jami'i da farfesa yake ba. Tsakanin ungozoma mai horo ne da mai kemis ɗin da ke ɗaura ƙarin ruwa a bayan kanti. Kuma a nan ƙungiyoyin likitoci suna da abin amsawa. Ba zai yiwu a yi kukan yawan aiki da safe, da yamma kuma a tare duk wani yunƙuri na faɗaɗa aikin sauran ma'aikata ba. Tsohuwar gabar da ke tsakanin ƙungiyar likitoci ta NMA da gamayyar sauran ma'aikatan lafiya ta JOHESU kan matsayi da albashi ta cinye ƙarfin da ya kamata a ce an zuba shi a wannan gyara.

Haka nan ba na bin likitoci har ƙarshe a batun yajin aiki. Buƙatunsu galibi halal ne, kuma gwamnatoci sun saba sa hannu a yarjejeniya su manta da ita, har sun koya wa kowa cewa ba a jin magana sai an rufe asibiti. Amma yajin 2021 ya ɗauki kimanin wata biyu, na Nuwamban 2025 kusan wata guda, kuma wanda ya ji a jikinsa ba shi ne ya ƙi biyan alawus ba. Mai hali ya tafi asibitin kuɗi ko ya hau jirgi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa bisa kowane dalili. Idan hujjar hutun likita ita ce kare maras lafiya, to hujjar nan ɗaya ta wajabta a bar ɗakin gaggawa da ɗakin haihuwa a buɗe ko ana cikin yaji. Ƙayyade awanni da rufe ƙofa abubuwa ne mabambanta, haɗa su kuma shi ke sa talaka ya ƙi sauraron na farkon.

Nauyin mafi girma dai yana kan gwamnati. A Abuja aka yi alƙawarin 2001 na ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya, gwamnatin tarayya kuma ba ta taɓa cika shi ba. Dokar 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya ga lafiya a matakin farko, kuma wannan kuɗi ne ya kamata a gan shi a jikin cibiyoyi irin na mazaɓun Miga. A matakin jiha, gina sabon asibiti ya fi daɗin buɗewa a gaban jama'a, amma raba likitoci kaɗan ga gine-gine masu yawa yana nufin kowane gini ya samu mutum ɗaya ko biyu da ba su da mai karɓarsu. Ya fi amfani a tara isassun hannu a asibitocin da ke yin tiyata dare da rana, a ƙarfafa ƙananan cibiyoyi da ungozoma da motar ɗaukar marasa lafiya mai mai a cikinta, a ba wanda ya yarda ya zauna a karkara gida mai ruwa da wuta da alawus da ya bambanta da na Dutse, a kuma tanadi wanda ma'aikaci zai gaya wa damuwarsa a asirce. Akwai ma abin da ba ya cin kuɗi wanda ma'aikatar lafiya ta jiha za ta iya farawa a wannan wata. Asibitoci suna da tsarin zaman bitar kowace mutuwar mai ciki da ta jariri, inda ake tambayar yaushe ta iso, me aka ba ta, ko akwai jini. A ƙara tambaya biyu a takardar: awa nawa ma'aikacin da ya karɓe ta ya yi a bakin aiki kafin ta iso, kuma mutum nawa ke hannunsa a daren. A tattara amsoshin na shekara guda daga Jahun da Dutse da Birnin Kudu da sauran asibitoci, ba tare da sunan kowa ba, a kai su gaban majalisar dokokin jiha kafin ta zauna kan kasafin lafiya na shekara mai zuwa.